Nutso a Kan Jirgin Salem Express: Nazarin Kabarin da Ya Zama Wurin Yawon Buɗe Ido

A kudu maso gabashin Safaga, garin tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Masar ta Bahar Maliya, akwai wani jirgin fito mai suna Salem Express da yake kwance a ƙarƙashin ruwa tun watan Disamba na shekarar 1991. Ruwan wurin yana da ɗumi da haske, zurfinsa bai wuce inda mai matsakaicin horo zai iya kaiwa da tukunyar iska a bayansa ba, kuma jirgin bai farfashe ba, yana nan da siffarsa tun daga goshi har baya. Waɗannan dalilai ne suka sa kamfanonin nutso na Safaga da Hurgada, wani garin gaɓa da ke arewa da ita, suka saka shi cikin wuraren da suke kai baƙinsu. Abin da ya raba shi da mafi yawan jiragen da suka nutse a wannan yanki shi ne ɗaruruwan mutane sun rasu a cikinsa a dare ɗaya, kuma ba dukkan gawarwakinsu aka samu fitarwa ba. Duk wanda ya sauka a kansa da kayan nutso, ko ya sani ko bai sani ba, maƙabarta ya ziyarta. Saboda haka lamarin wannan jirgi ya haɗa tambayoyi biyu da aka saba raba su, wato yadda za a yi nutson lafiya a fito lafiya, da kuma iyakar abin da ya halatta mai rai ya yi a wurin da matattu suke kwance.

Jirgin da daren da ya nutse

An ƙera jirgin a Faransa, a masana'antar jiragen ruwa ta La Seyne-sur-Mer, a tsakiyar shekarun 1960, aka raɗa masa suna Fred Scamaroni, ya kuma fara aikinsa da jigilar mutane da motoci tsakanin Marsey da tsibirin Kosika a Bahar Rum. Ya sauya hannu da suna sau da dama kafin kamfanin Samatours na Masar ya mallake shi, ya sa masa suna Salem Express a 1988, ya ɗora shi kan hanyar da ta haɗa Jidda da Safaga da Suwez. Tsawonsa ya kai kimanin mita 115, faɗinsa kuma kusan mita 18. Irin jiragen nan ne da mota take shiga cikinsu da tayarta ta wata babbar ƙofa, ta kuma fita da tayarta, kuma wannan siffa tana da muhimmanci ƙwarai wajen fahimtar abin da ya faru.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya taso daga Jidda a makare saboda matsalar inji da ta tsayar da shi. Mafi yawan fasinjojin Misirawa ne masu ƙaramin ƙarfi, wasu ma'aikata ne da ke dawowa gida daga ƙasashen Larabawa da abin da suka tara, wasu kuma masu ibada ne da suka fito daga Makka. Ana yawan faɗa wa baƙi cewa alhazai ne da suka gama aikin Hajji, amma Hajjin shekarar 1991 an yi shi ne a watan Yuni, hatsarin kuma ya auku a watan Jimada Sani na 1412, don haka masu Umra ne. A daren Asabar 14 ga Disamba, cikin iska mai ƙarfi da manyan igiyoyin ruwa, jirgin ya kusanci Safaga ta wata gajeriyar hanya da ke ratsawa tsakanin gaɓa da jerin duwatsun murjani da ake kira Hyndman, maimakon doguwar hanyar da manyan jirage suka saba bi, wadda take zagayawa ta cikin ruwa mai zurfi kafin ta shigo tashar ta arewa. Bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare jirgin ya daki dutsen murjani da gefen goshinsa na dama. Karon ya huda jikinsa, ya kuma ɓalle ƙofar goshi wadda ta rufe mashigar motoci. Cikin kimanin minti 20 jirgin ya kife ya nutse, fitilu suka ɗauke, ba a samu damar sauke mafi yawan kwale-kwalen ceto ba. Kyaftin Hassan Moro yana cikin waɗanda suka rasu. Guguwar ta hana masu ceto isa wurin da wuri, waɗanda suka tsira, kimanin mutum 180, da yawansu sun kwana cikin ruwa, wasu igiyar ruwa ce ta kai su gaɓa. Alƙaluman hukuma sun nuna mamatan sun haura 460, kuma tun a lokacin akwai masu cewa adadin ya fi haka, bisa zargin cewa an ɗauki mutanen da ba su cikin rajistar jirgin.

Saurin nutsewar yana da bayani a ilimin ƙirar jirage. Jirgin kaya na yau da kullum an rarraba cikinsa da bangayen ƙarfe, ta yadda idan ruwa ya shiga sashe ɗaya sauran sassan za su riƙe shi a sama na wani lokaci. Jirgin ɗaukar motoci kuwa yana da wani dogon fili a buɗe daga goshi zuwa baya, ba shamaki a tsakani, domin motoci su samu hanya. Da zarar ruwa ya hau wannan fili, ko da zurfinsa bai kai gwiwa ba, yana gangarawa gaba ɗaya zuwa duk gefen da jirgin ya ɗan karkata, nauyinsa ya ƙara karkatar da shi, karkatar kuma ta ƙara jawo ruwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar faffaɗan faranti cike da ruwa ya san yadda ƙaramar karkata take kwashe ruwan duka zuwa gefe guda. Irin wannan ne ya kifar da jirgin Herald of Free Enterprise a bakin tashar Zeebrugge ta Beljiyam a 1987, inda mutum 193 suka rasu, da kuma jirgin Estonia a Tekun Baltik a 1994, inda aka rasa mutum 852.

Bayan hatsarin, masu nutso na sojojin ruwan Masar sun yi kwanaki suna fito da gawarwaki daga sassan da za a iya kaiwa. Da aikin ya kai ga ƙananan ɗakuna da lungunan can ciki, inda kaya suka toshe hanya kuma ruwa ya yi duhu, sai aka dakatar da shi saboda ya zama barazana ga rayukan masu aikin, aka toshe wasu mashigai, aka bar waɗanda suka rage a inda suke. Tun daga wannan rana jirgin ya zama kabarinsu, kuma iyalan da ba su samu gawar ɗan'uwansu ba, ba su da wani wuri da za su nuna su ce nan yake sai wannan.

Yadda nutson yake gudana

Ana tasowa daga Safaga da safe a jirgin yawo na yini, tafiyar sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wurin ba shi da kariya daga iskar arewa wadda ta fi yawa a wannan yanki, don haka ba kullum ake samun zuwa ba, kuma matuƙi mai hankali yakan juya akalar tafiyar zuwa wani wuri idan ruwa ya tashi. Ɗumin ruwan yana kaiwa wajen digiri 22 a lokacin sanyi, ya haura zuwa 28 ko 29 a tsakiyar zafi, ana kuma iya hangen abu daga nisan mita 20 ko fiye a ranar da ruwa ya kwanta. Gishirin Bahar Maliya ya fi na manyan tekuna, kusan giram 40 a kowace lita maimakon 35, wanda hakan ke sa jiki ya fi tasowa sama, mai nutso ya buƙaci ƙarin dalma a ɗamararsa fiye da yadda ya saba a wani wuri.

Jirgin yana kwance a kan gefensa na dama bisa rairayi mai zurfin mita 30 zuwa 32, gefensa na hagu kuma, wanda yanzu shi ne samansa, yana tsakanin mita 10 zuwa 12 daga fuskar ruwa. Wannan tazara ita ce ta tsara yadda ake nutson. Ana sauka ta bin igiya zuwa gefen hagun, a gangara zuwa wuri mafi zurfi tun da farko yayin da tukunya take cike, sannan a riƙa hawowa a hankali. A bayan jirgin ana ganin manyan farfeloli biyu. Daga nan ana bin rairayin ta ɓangaren da benayen jirgin suke fuskanta, inda ake tarar da kwanon rufin da aka yi wa fasinjoji inuwa da shi a warwatse, da kwale-kwalen ceto da suka sauka ƙasa ba kowa a cikinsu, da bututun hayaƙi biyu masu ɗauke da tambarin harafin S. Ana wuce ɗakin matuƙi a isa goshi, inda ƙofar da ta jawo halakar take a buɗe. A dawowa ana bin gefen hagu, kan layukan tagogi, inda murjani ya fara kama ƙarfe kuma ƙananan kifaye suke taruwa. A cikin rairayi da gefen jirgin an daɗe ana ganin akwatuna, da rediyoyi masu kaset, da nannaɗaɗɗun dardumai, da kekunan yara. Duk wanda ya taɓa tarbar mai dawowa daga Saudiyya zai gane waɗannan kaya nan take, domin tsaraba ce da aka saya wa na gida.

Ɗumi da hasken ruwan suna iya yaudarar mutum ya ɗauka nutson mai sauƙi ne, alhali lissafin zurfi ba ya sauyawa saboda kyan wuri. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara wa jiki matsi daidai da wanda iskar sararin sama take yi wa jiki a fuskar ruwa, don haka a mita 30 matsin ya ninka na sama sau huɗu, kuma kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu. Tukunyar da aka fi bayarwa a Masar tana ɗaukar lita 12, ana cika ta zuwa bar 200 a ma'aunin matsin iska, wato iska lita 2,400. Ƙa'ida ita ce a fito da bar 50 a ajiye, saura lita 1,800 ke nan. Mutumin da yake shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama zai shaƙi 80 a gindin jirgin, iskarsa ba za ta kai minti 23 ba idan ya zauna a can, kuma wannan lissafi ne na mai natsuwa. Wanda ya ga takalmin yaro a cikin rairayi zuciyarsa ta buga, numfashinsa zai ƙaru ba tare da ya lura ba, allurar ma'aunin iskarsa ta sauka da sauri fiye da yadda ya tsara.

Akwai kuma iyaka ta biyu wadda ba ta da alaƙa da yawan iskar tukunya. Kimanin kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka fiye da yadda ta saba. Idan mutum ya daɗe a zurfi sannan ya taso da gaggawa, iskar takan fito a matsayin kumfa a cikin jiki kafin huhu ya samu fitar da ita, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Jadawalin lokutan nutso da aka fi koyarwa ya ba da kimanin minti 20 kacal a mita 30 ga wanda yake son tasowa ba tare da dogayen tsayuwa na dole ba. Shi ya sa ake hawowa a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar, a kuma guji shiga jirgin sama sai bayan aƙalla sa'o'i 18 ga wanda ya yi nutso fiye da ɗaya. Wasu suna amfani da iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin ɗari domin tsawaita wannan lokaci, amma ita ma tana da iyakar zurfinta, wajen mita 34, kuma gindin jirgin bai yi nisa da wannan iyaka ba. A daidai wannan zurfi ne kuma naitirojin take fara taɓa ƙwaƙwalwa, ta sa tunani ya yi nauyi, mutum ya ga abin da ya kamata ya tsorata shi ya ji ba komai. Takardar shaidar horon nutso ta matakin farko tana ba da izinin mita 18 ne kawai, ta mataki na biyu ce take kaiwa 30, saboda haka sabon ɗalibi ba shi da hurumin sauka gindin wannan jirgi, ko da yake yana iya ganin samansa.

Batun shiga ciki

Har zuwa nan babu abin da ya fita daga tsarin nutso a kan kowane jirgi. Inda saɓani yake shi ne shiga cikinsa. Shekaru sun ci ƙarfe, wasu mashigai da aka toshe sun buɗe, kuma filin motoci da ɗakin cin abinci da wasu lunguna sun zama wuraren da ake iya kutsawa. Kamfanoni sun rabu a kan wannan. Akwai waɗanda suke zagayawa da baƙi ta waje kawai su hana shiga, akwai masu shigar da su filin motoci, akwai kuma jagorori, musamman 'yan ƙasar, da ba sa yarda su sauka a kan jirgin ko kaɗan. Hotuna da bidiyoyin da suka cika intanet sun nuna cewa ana shiga, ana kuma buɗe akwatuna, ana jera kayan mamata domin hoto ya yi kyau.

Ta fuskar lafiya kaɗai, shiga cikin jirgin da ya kife aiki ne dabam da nutson fili. A waje, idan wani abu ya lalace, hanyar tsira tana sama kai tsaye. A ciki kuwa akwai ƙarfe tsakanin mutum da iska, sai ya koma ta inda ya shigo kafin ya fara hawa. Da yake jirgin a gicciye yake, bango ya zama daɓe, ƙofa ta zama rami ko rufi, matakala ta kwanta, kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da ɗaki a tsaye takan rikice cikin ɗan lokaci. Laka mai laushi da ɓarɓashin tsatsa sun taru a ko'ina, bugu ɗaya na takalmin iyo yana iya tayar da su ya mayar da ruwa mai haske ya koma duhun da tocila ba ta ratsa shi. Wayoyin lantarki suna rataye, rufin ɗakuna yana ruftawa, gefunan ƙarfe suna yanka tiyon iska. Masu horo na musamman suna shiga irin waɗannan wurare da zaren da suke warwarewa daga ƙofa domin ya dawo da su, da tocila fiye da ɗaya, da tsarin raba iska kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Mafi yawan baƙin da suke zuwa hutun mako guda ba su da wannan horo, jagora kawai suke bi a baya, kuma idan mutum shida suka shiga lungu ɗaya a jere, na ƙarshe yana tafiya ne cikin ƙurar da biyar suka tayar. Ya kamata a tuna cewa sojojin ruwa, da horonsu da kayansu, sun janye daga waɗannan lunguna ne saboda haɗarinsu, a lokacin da ƙarfen bai ruɓe kamar yanzu ba.

Shi ma jirgin yana cutuwa. Iskar da mai nutso yake fitarwa tana tashi ta maƙale a ƙarƙashin rufi, ta haɗu da ƙarfe ta hanzarta tsatsa. An ga wannan ƙarara a kan Thistlegorm, jirgin kayan yaƙin Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a arewacin Bahar Maliya a watan Oktoba na 1941, wanda ya fi kowane jirgi a yankin samun baƙi. A can ɓarnar kumfar numfashi da ta igiyoyin da jiragen yawo suke ɗaurewa a jikinsa ta kai ga a 2007 ƙungiyar kare muhalli ta Hurgada, HEPCA, ta kafa turakun ɗaure jirage a gefensa, ta kuma huda ramuka domin iskar da ta maƙale ta fita. Idan ƙarfen Salem Express ya rufta da wuri saboda yawan shiga, abin da zai tonu ba motocin soja ba ne kamar na Thistlegorm, ƙasusuwan mutane ne.

Abin da doka da addini suka ce

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa ta yi umarni da a mutunta ragowar jikin ɗan Adam, amma tana aiki ne a kan abin da ya shekara 100 a cikin ruwa, don haka Salem Express ba zai shiga inuwarta ba sai 2091. Dokokin da wasu ƙasashe suka yi, kamar ta Ingila ta 1986, sun shafi jiragen soja ne. Misalin da ya fi kusa shi ne na jirgin Estonia. A 1995 ƙasashen Suwidin da Finlan da Estoniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta ayyana wurin a matsayin makwancin mamata, suka haramta wa 'yan ƙasashensu nutso a kansa. Gaskiya ne cewa Estonia tana cikin ruwa mai sanyi da duhu, a zurfin da ya kusa mita 80, inda ba wata kasuwar yawon buɗe ido da haramcin ya taɓa. Amma yana da nauyi a zuciya a ga cewa jirage biyu da suka nutse ta hanya iri ɗaya, shekara uku tsakani, ɗaya an kewaye shi da doka, ɗaya kuma ana sayar da tikitin ganinsa, kuma bambancin ya bi zurfin ruwa da ɗuminsa da ƙarfin muryar iyalan mamatan.

Mafi yawan waɗanda suke kwance a cikin jirgin Musulmi ne, saboda haka mizanin addininsu yana da haƙƙin a saurare shi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Wani hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Malaman Malikiyya, waɗanda fiƙihunsu ne ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun san da kabari a teku, domin sun yi bayanin cewa wanda ya rasu a jirgi, idan ba a sa ran isa tudu kafin gawarsa ta sauya, ana yi masa wanka da likkafani da salla a saka shi a ruwa. Sun kuma ce kabari hubusi ne, wato wakafi, ga wanda yake cikinsa, ba a taka shi, ba a tone shi matuƙar akwai saura daga jikinsa. Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga zuriyar alhazan da suka bi ƙasa daga Kano da Sakkwato da Borno har Sudan, suka haye wannan teku daga Sawakin zuwa Jidda a jiragen da ba su kai wannan ƙarfi ba. Kayan da ke cikin akwatunan kuma dukiyar magada ce, nutsewa ba ta mayar da ita ta kowa ba. A ɗaya ɓangaren, Musulunci ya halatta ziyarar kaburbura, ya ma kwaɗaitar da ita domin tuna lahira da yi wa mamata addu'a. Yanke hukunci aikin malamai ne, amma mai karatu zai ga cewa iyakar da waɗannan nassoshi suka shata tana tsakanin ziyara da tono, kuma a jikin jirgin wannan iyaka tana da wurin da ake iya nunawa da yatsa, wato fatar ƙarfen da ta raba waje da ciki.

Masu goyon bayan a ci gaba da nutson suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Garuruwan wannan gaɓa suna rayuwa ne da baƙin teku, tun daga matuƙa da masu dafa abinci a jirage har zuwa masu cika tukwanen iska da direbobi, kuma yawancinsu 'ya'yan talakawa ne daga garuruwan kudancin Masar, irin gidajen da fasinjojin jirgin suka fito. Suna kuma cewa ziyarar ce ta sa ba a manta da hatsarin ba a wajen Masar, kuma akwai gaskiya a ciki, domin Al-Salam Boccaccio 98, wanda ya nutse a 2006 a hanyarsa daga tashar Duba ta Saudiyya zuwa wannan tasha ta Safaga da mutum fiye da 1,000, yana can cikin zurfin da mai nutso ba ya kaiwa, kuma baƙi kaɗan ne suka san sunansa. Mutane da yawa suna fitowa daga kan Salem Express jikinsu a sanyaye, ba mai magana a jirgin yawo har a yi nisa. Haramci na gaba ɗaya kuma yana da wuyar tsarewa a wurin da yake nesa da gaɓa, yana iya korar kamfanoni masu kiyaye ƙa'ida ya bar fili ga marasa ita.

Na auna waɗannan hujjoji, kuma a ganina duk suna kare ziyarar waje ne, babu ɗaya daga cikinsu da take kare shiga ciki. Abincin matuƙi ba ya raguwa don baƙonsa bai kutsa ɗakin fasinjoji ba. Tunawa da mamata tana samuwa ga wanda ya ga kwale-kwalen ceto a kan rairayi da ƙofar goshi a buɗe, ba sai ya zuge jakar wata baiwar Allah ya ɗaga rigar da ta saya wa 'yarta ba. Abin da shiga ciki yake ƙarawa shi ne hoto mai jan hankali da jin cewa an kai inda wasu ba su kai ba, kuma wannan bai isa ya zama dalilin jefa rai cikin haɗari, da gaggauta rushewar jirgin, da keta alfarmar mamata a lokaci guda ba.

Hanyar aiwatar da wannan iyaka tana nan a hannu. Tun 2007 Masar take da hukumar kula da harkar nutso da wasannin ruwa, CDWS, wadda kamfanoni da jagorori suke aiki a ƙarƙashin ƙa'idojinta, HEPCA kuma ta daɗe tana kafa turakun ɗaure jirage a faɗin yankin. Ana iya wajabta ɗaurewa a turaku na gefe maimakon jikin jirgin, a ƙayyade yawan jiragen yawo da za su tsaya a lokaci guda, a kuma sa bayanin da jagora yake yi kafin sauka ya ƙunshi tarihin daren 14 ga Disamba da adadin waɗanda suka rasu, cikin harshen da baƙin suke ji, domin kada wani ya sauka yana zaton tsohon jirgin kaya ne. Haramcin shiga ciki da taɓa kaya ya kamata ya zama sharaɗi rubutacce a jikin lasisin kamfani, wanda saɓa shi zai jawo dakatarwa na wani lokaci. Samun shaida a kan mai saɓawa ba zai yi wahala ba, tun da baƙin da kansu suke ɗora bidiyon a YouTube da Facebook, sau da yawa tare da sunan kamfanin da ya kai su da ranar da aka yi nutson.